Sunan Yanka da Sunan Kasuwa

A wannan fitowa mun matsa jerin farashi gefe kaɗan, saboda wata magana da ta taso mana a bakin Kurmi. Mun ga ta shafi gidaje da yawa a cikin birni, ko da ya ke masu gidajen ba su sani ba tukuna.

Wani dattijo ne daga cikin abokan zamanmu, tsohon dillalin tufafi, ya zo mana da ita. 'Yarsa tana gidan miji a nan cikin badala. Tana rubuta labarai a waya tana sayar wa mata ta WhatsApp. Kowace ta biya 'yan ɗaruruwan Naira, sai a sa ta cikin zauren da a ke sakin labarin shafi-shafi. Ba da sunanta ta ke rubutun ba, laƙabi ta ke sawa, irin na Maman wane ɗin nan. Ta daɗe tana yi, ba wanda ya san ta. Ran nan da hantsi sai ga wata mata ta yi sallama a gidan, ta kira ta da sunanta na yanka har da na mahaifinta. Ta ce ita mai karatun labarin ce, ta zo ne ta gani da idonta, ko muguwar uwar mijin nan ta cikin labari ita ce uwar mijin marubuciyar. Kafin la'asar magana ta kai kunnen dangin miji. Sai da manya suka sa baki.

Dattijon ya zauna bisa bencinmu ya ce, "Malam, ni na tsufa ina sayar da kayan mutane, ban taɓa faɗin sunan mai kaya ba. Wa ya faɗi sunan yarinyar nan?" Muka ce masa, "Baba, ba mutum ba ne. Lambar asusun da ta ke sawa a ƙasan kowane shafi, ita ce ta faɗa."

To, bari mu fara da hajar kanta, don wadansu manyanmu har yanzu ba su ɗauke ta haja ba. Haja ce wadda ba a ɗaure ta a dila, ba a auna ta da mudu, ba ta biyan ɗan dako. Littafi ne a cikin waya, ko darasin girki, ko na haɗa turaren wuta da humra da aka ɗauka a bidiyo, ko zanen hula da na katin biki, ko waƙar amarya da aka rera da sunanta aka tura mata. Mai ita ya yi ta sau ɗaya, ya sayar sau ɗari, ba ta ragu ba. Kuma mai saye bai taɓa ganin mai sayarwa ba, watakila ma yana Maraɗi ko Jidda. Masu wannan sana'a da yawa mata ne na cikin gida da samari 'yan makaranta, watau 'ya'yanku da ƙannenku. In kun ga yarinya ta sayi keken ɗinki ba ta roƙi kowa ba, ku tambaya, za ku ji.

Me ya sa su ke ɓoye suna? Wannan ba sai mun yi dogon bayani ga Bakano ba. Mu mutane ne da mace ba ta faɗin sunan mijinta, uba ba ya faɗin sunan ɗan fari. Ga tsoron baki, ga 'yan bani-bani da zarar an ji kana samu, ga kishiya, ga miyagun da ke bin sawun duk wanda aka ce kuɗi na shigar masa. Marubuta kuwa suna da nasu dalili na daban. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, a 2008 kuma hukumar, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista ɗaya bayan ɗaya. Wadansu irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu sun daɗe suna rubutu da sunansu a fili, sun kuma sha magana a kai. Ba kowace ce ke da wannan ƙarfin hali ba, ba kuma kowane gida ne zai ɗauka ba. Da kasuwar littafi ta tashi daga tebur ta koma waya, sai laƙabi ya yi yawa.

Mu dai ba mu ga laifi ga wannan ba. Ɓoye sunan mai kaya tsohon abu ne a kasuwar nan, tun bayan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kurmi. Ku tuna dillaliya. Matar da ke cikin kulle, in buƙata ta taso mata, sai ta ciro zane daga ƙasan adaka, ko ta zare kwalla ɗaya daga jere, ta miƙa wa dillaliya a ɓoye. Dillaliya ta shiga gida-gida da shi, a taya, ta koma ta faɗa, a sallama, ta kawo kuɗi ta ɗauki la'adarta. In an matsa mata da tambaya, iyakarta ta ce na wata baiwar Allah ne. Sau da yawa maƙwabciya ce ke sayen zanen maƙwabciyarta ba ta sani ba. Wannan shi mu ke kira rufin asiri, kuma dillaliyar da bakinta ya yi sauƙi ba ta daɗewa a sana'a.

Haka nan fatoma. Buzu ya zo daga Agadas, ko Balaraben Gadamas ya sauka a Dandalin Turawa, mai saye bai san shi ba, bai ma ji harshensa ba. Fatoma ya sani, shi ya sauke shi, shi ya ajiye masa kaya, shi ya tsaya masa. Amma ga inda mu ke so ku lura da kyau. In kayan nan suka fito na sata, ko aka tarar da algus a ciki, dillali a ke kamawa. Shi kuwa a gaban Sarkin Kasuwa ko a gaban alƙali ba ya cewa na wata baiwar Allah ne, faɗin suna ya ke yi. Ashe ke nan sunan bai ɓata ba. Ajiyarsa aka ba wa wani amintacce, wanda shi nasa sunan kowa ya sani. Kasuwar nan ba ta taɓa yarda da kayan da ba wanda ya tsaya musu ba.

Laƙabin ma ba baƙo ba ne. Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, sunan mahaifinsa Abdullahi. Tata kuwa sunan matar da ta rene shi ce, kuma da wannan laƙabin aka san shi tun daga Kano har Kumasi da Ikko. Ku duba layinku ma, mutum nawa kuka sani da sunan yanka? Wane mai goro, wane mai tasa, wane na Alhaji. Da shi a ke ba da bashi, da shi a ke karɓa.

Abin da ya sake yanzu shi ne kuɗin. Wuri ba shi da baki. Sule da fam ba su da baki, Naira ma da ta zo ran 1 ga Janairu 1973 ba ta da shi. In ka karɓi takardar kuɗi a hannu ba ta gaya maka daga aljihun wa ta fito. Taransifa kuwa da bakinta ta ke tafe. Kun tuna a watan Oktoba 2022 Babban Banki ya ce zai sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1000, aka shiga 2023 da ƙarancin tsabar kuɗi, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar taransifa. Tun daga nan lambar asusu ta zama kamar adireshi, kowa na manna tasa a bango.

Ga yadda abin ke aiki. Lambar asusu a Nijeriya lamba goma ce. Da zarar mai biya ya buga ta a waya ya zaɓi banki, kafin ya tura ko kwabo, sai sunan mai asusun ya fito masa cikakke. An yi haka ne don kada mutum ya tura kuɗi inda bai nufa ba, kuma abu ne mai amfani, mu kanmu ya sha cetonmu. Amma fa ba ya bambanta mai biya da mai bincike. Matar nan da ta je gidan 'yar dattijo ba ta yi wani siddabaru ba. Lambar ta buga, suna ya fito, na uku a jerin kuwa sunan da duk unguwarsu ta san gidan ne. Sauran aikin 'yar tambaya ce.

Kada kuma wani ya ce zai buɗe asusu da sunan ƙarya. Wannan ƙofa an daɗe da rufe ta. An fito da lambar BVN a watan Fabrairu 2014, wadda ta ɗaure kowane asusu da yatsun mai shi da hotonsa. A Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta ɗan ƙasa, a Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A Disamba 2023 kuma Babban Banki ya ce har ƙananan asusun nan na waya sai da BVN ko NIN. Watau layi da asusu da yatsa duk an zarge su a igiya ɗaya.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A OPay da PalmPay, lambar asusun mutum lambar wayarsa ce aka cire sifilin farko. To, ai ka ga duk wanda ke cikin zauren WhatsApp yana ganin lambar mai zauren. In da wannan layin ne ta buɗe irin wannan asusu, ba sai ta ba kowa lambar asusu ba. Wanda ya so ya buga lambar wayar a wurin tura kuɗi, sunanta ya bayyana. Mun gwada da layin ɗaya daga cikinmu a nan rumfa, da izininsa, sai ga sunan da tun ranar sunansa ba mu ji an kira shi da shi ba. Aka yi ta dariya, amma shi bai yi ba.

Sa'an nan ga Truecaller, manhajar nan ta mutanen Suwidin. Ita daga littafin lambobin masu amfani da ita ta ke kwasar sunaye. In gwaggonki ta ajiye lambarki da cewa wance matar wane ta Ƙofar Wambai, to, haka na iya fitowa a wayar baƙon da ya kira ki. Hajar ma kanta tana tona asiri. Littafin da aka buga a kwamfuta yakan ɗauki sunan mai kwamfutar ya ajiye a cikin bayanin fayil, ya bi shi har bayan an mai da shi PDF. Hoton da aka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da wurin da aka ɗauke shi, in wayar na rubuta wuri. Mai koyar da girki kuwa ta ɓoye fuska, amma ga ƙofar gidansu a bayanta, ga yaro na kiranta da suna daga tsakar gida. Mafi muni shi ne al'adar nan ta watsa hoton alat don a nuna ciniki na tafiya. Mai yin haka ya tona kansa, ya kuma tona wanda ya biya shi, shi ko bai ba shi izini ba.

To, mene ne mafita? Mu fara da hanyoyin da mutane ke bi wadanda mu ba mu gamsu da su ba. Wadansu marubuta suna cewa a biya su da katin waya, a kankare a turo hoton lambar. I, wannan ba ya nuna suna. Amma sai ka sake sayar da katin da ragi kafin ya zama kuɗi, wani ma ya turo maka wanda aka riga aka sa. Ciniki ne na ɗari biyu da ɗari uku, ba ya ɗaukar nauyi.

Wadansu kuma aron asusu su ke yi, na ƙane, ko na miji, ko na mai POS na bakin layi. Nan ne mu ka fi jin tsoro. A takarda, kuɗin da ya shiga asusun mutum nasa ne. In kun saɓa, da me za ki kafa hujja? In ta Allah ta kasance gare shi, magada ba za su san naki daga nasa ba, sai a raba gumin shekara uku a zaman gado. Mai POS kuwa kuɗin mutum ɗari ke ratsa asusunsa kullum. Ranar da kuɗin sata ya faɗa ciki aka rufe asusun don bincike, naki ma ya kwana a ciki. Ga shi kuma sunan ƙanen naki ma sunan gidanku ne, ba a ɓoye komai ba. Amma wanda ya sayi layi ko asusun da aka yi wa rajista da sunan wani, wannan ya bar maganar laƙabi, ya shiga sojan gona. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hana, ba kuma za mu ɓata tawada a kansa ba.

Hanyar da ta fi kusa da abin da muka gada ita ce ta dillali, sai dai dillalin yanzu kamfani ne. Akwai Selar, wanda aka kafa a 2016 musamman don masu sayar da irin wannan haja. Akwai Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020, akwai kuma Flutterwave. Yadda a ke yi, kai za ka ba su sunanka na gaskiya da BVN da asusunka, su ajiye. Sa'an nan ka buɗe shago a wurinsu da sunan da ka zaɓa. Mai saye ya biya su, su cire la'adarsu, su zuba maka saura. A Paystack la'adar biyan cikin gida ɗaya da rabi ce cikin ɗari, da ɗan ƙari a kai in kuɗin ya yi yawa. Wanda ya saba da la'adar dabba ko ta gida ya san wannan ba tsada ba ce. Amazon ma, ga masu sayar da littafi a ƙasashen waje, ya yarda a sa laƙabi a bangon littafi, amma wajen biya da haraji sai sunan gaskiya.

Sai dai dillali yakan tashi daga kasuwa. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wanda kuma marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a ciki, ya rufe a watan Nuwamba 2023. Saboda haka kada mutum ya bar hajarsa a hannun dillali ɗaya ba shi da kwafi a gida, kada kuma ya zama ba shi da wata hanyar da masu sayensa za su same shi. Kuma kafin ka tallata shago, ka ari wayar aboki ka sayi kayanka da kanka. Ka duba rasit, ka duba saƙon da ya zo, ka ga wane suna ne ya fito. Mai awo ma sai ya gwada sikelinsa da safe.

Hanya ta biyu ita ce rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Dokar kamfanoni da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta 2020 ta ce wanda ke kasuwanci da sunan da ba nasa na ainihi ba, ya yi masa rajista cikin kwana 28 da farawa. Kun ga ke nan doka ba ta hana sunan kasuwa ba, cewa ta yi a zo a ajiye na gaskiya a wurinta. In ka sami takardar shaida, sai ka je banki ka buɗe asusu da sunan shagon. Mai biya ya buga lamba, sunan shago ya fito. Amma ku yi hankali, wadansu bankunan suna jera sunan shago da na mai shi a tare, don haka a tambaya kafin a buɗe, a kuma gwada bayan an buɗe.

Kada mu ruɗe ku, wannan labule ne, ba katanga ba. Sunanka da adireshinka suna wurin hukuma, kuma wanda ya nace yana iya biyan kuɗin bincike a ba shi bayanin masu shagon. Dokar ma ta ce a riƙa sa sunan mai shi a wasiƙun kasuwanci na shagon. Abin da rajista ke yi maka shi ne ta tsare ka daga mai wucewa da mai son gulma, wanda ba zai ɓata kuɗinsa da lokacinsa ba, kuma su ne suka fi yawa. Shi ya sa mu ke ba da shawara, wanda ke da rumfa a kasuwa, ko mahaifinsa ke da ita, ya ba da adireshin rumfar da izinin mai ita, kada ya ba da na ɗakin kwanansa. A kuma ware layi guda don sana'a, da NIN ɗinka za ka yi masa rajista ba na wani ba, amma kada ka buɗe asusu da shi, kada ka ba dangi. A Telegram mutum na iya ɓoye lambarsa ya bar laƙabi kaɗai, haka nan tashar WhatsApp da aka fito da ita a 2023 ba ta nuna wa mabiya lambar mai ita, saɓanin zaure.

Duniyar ma can ta nufa. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Fabrairu 2025 kamfanin Apple ya cire manhajojin 'yan kasuwar da ba su ba da adireshi da lambar wayar da za a nuna wa jama'a ba. A nan gida kuwa dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wa bankuna da kamfanonin da ke riƙe da sunanka nauyin tsare shi, har da hukumar da a ke kai ƙara. Watau an yi wa mai ajiya doka, ba a ce a daina ajiya ba.

Yanzu mu juya wajen mai saye, don shi ma ɗan'uwanmu ne, kuma shi ke fara fitar da kuɗi. A wannan kasuwa biya a ke yi kafin a ga kaya. Mun sha jin wanda ya karɓi kuɗin littafi ya saki rabi ya ɓace, ko ya buɗe ajin koyon sana'a ya tara kuɗin mata ya rufe waya, bayan wata biyu ya dawo da sabon laƙabi. Irin wadannan su ke ɓata wa masu gaskiya suna, har mutane suka fara cewa duk mai ɓoye suna macuci ne. Ba haka ba ne. Bambancin a fili ya ke. Mai gaskiya laƙabi ɗaya gare shi, yana kansa shekara da shekaru, yana gama abin da ya fara, in an yi kuskure ya mai da kuɗi. Laƙabin nan shi ne jarinsa, ba zai yar da shi don Naira dubu goma ba. Wanda ke sauya suna kamar riga kuwa, ko da sunan yankansa ya zo muku, ku riƙe kuɗinku.

A nan ne mu ke ganin dillalai na da aiki, in sun farka. Mutumin da ya yi shekara talatin a rumfa ɗaya, kowa ya san ƙofar gidansa, yana iya tsaya wa mai irin wannan haja kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙo. Za ku ce ai yanzu muka hana aron asusu. I, mun hana, amma aro daban, dillanci daban. Dillanci da rubutu a ke yi, da shaidu biyu, da la'ada sananniya, da littafin da a ke shigar da kowane ciniki, da ranar da a ke miƙa kuɗi. Dillali kuma ya san abin da ya ke tsaya wa, ya karanta ko a karanta masa, don ranar da magana ta tashi shi za a fara nema.

Saura maganar ɓarayin haja, wadda ita ce babbar asarar masu wannan sana'a. Mutum ɗaya ya saya, ya tura wa zaure goma kyauta, ko ya sake sayarwa da rabin kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta san da aikin da aka fitar da laƙabi ko ba suna, ta kuma ba shi kariya ta shekara 70 daga shekarar da ya fita. Amma ranar da za ka kai ƙara, laƙabi ba ya tsayawa gaban alƙali, sai ka nuna kai ne shi. Don haka a ajiye rubutun farko da kwanan watansa, da rasit ɗin dillali, da takardar CAC, in da hali a kai aikin Hukumar Haƙƙin Mallaka ta shigar da shi a littafinta. Wanda ya ɓoye kansa har ya share duk wata shaida, ya ba ɓarawo kyauta ne, don ɓarawon na iya cewa shi ne Maman wane ɗin.

Dattijon namu ya dawo bayan 'yan makonni. Ya ce yarinyar ba ta daina rubutu ba, mijin ma ya goyi bayanta bayan ya karanta labarin da kansa. Ta yi rajistar suna da adireshin rumfarsa, ta buɗe sabon asusu, ta ware layi. Shi da kansa ya sa jikansa ya buga lambar a gabanmu, sunan shago ya fito, ya ce a sake bugawa, ya sake fitowa. Sai dai tsofaffin shafukan nan masu tsohuwar lamba suna nan suna yawo daga waya zuwa waya, ba mai iya kiransu su dawo. Dole ta rufe wancan asusun, ta kuma sanar a zaure cewa kada a ƙara tura kuɗi can. Muka tambaye shi ko an gama ke nan. Ya ce saura maganar la'adarsa ta adireshi. Shi ya ce littafi ɗaya kyauta duk wata a karanta masa, ita ta ce sai dai ya biya kamar kowa, har yanzu ba su daidaita ba.